Taƙaitawa: hirarmu kan tsallen sama na mata a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, Tokyo 2025

Jama'a hirar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda sai ka san doka kafin ka ji daɗin kallo. Faɗuwa (wato kasa tsallake sanda) uku a jere an fita, da ƙafa ɗaya ake tashi, in an yi kunnen doki kuma sai a duba wadda ta fi ƙarancin faɗuwa. Da haka Nicola Olyslagers ta Ostareliya ta ɗauki zinare, alhali ita da Maria Żodzik ta Poland duk mita 2.00 suka tsallake.

2. Kan Yaroslava Mahuchikh ta Ukraine aka rabu. Wasu sun ce ruwan sama ne ya sa ta ƙare da tagulla, wasu suka ce ai kowa ruwan ya daka. Ni dai wadda ta tsallake mita 2.10 a Paris a 2024, ta karya tarihin duniya da Stefka Kostadinova ta Bulgeriya ta kafa a 1987, ba zan yi saurin cire ta ba.

3. Masu son ƙannensu mata su fara: a nemi koci tukuna, kuma don Allah kar a gwada tsallen baya ba katifa.