Musayar waƙa: Tauraron Baitalami

Ɗan Wusasa: Barkanmu da Kirsimeti 'yan'uwa. Jiya na ga yaranmu sun rataya tauraron kwali a coci shi ne abin ya taso min, ga nawa na buɗe fage

Tauraro ya keto daga gabas,
Sarakai uku suka kama hanya,
Zinariya, lubban da mur a jaka,
Su gai da Sarkin da ya zo duniya.

Maman Talatu:
Ɗan Wusasa buɗe Matiyu biyu,
Ina ka ga uku, ina sarakai?
Kyautai ne uku, masana kuwa
Ba wanda ya ƙirga su sai kai.

Ɗan Wusasa:
Mama kin kama ni a ƙirga,
To faɗa min, da haske a gaba,
Me ya kai su fadar Hirudus,
Kai wa kura labarin ɗan akuya, haba?

Maman Talatu:
Tunaninsu ya kai su, ɗana,
Sun zaci sarki sai a fada,
Sai da aka buɗe annabi Mika
Aka ce Baitalami ta Yahuda.

Mai Ganga: Kai! Mama ta gama da shi, zumuntar mata ba wasa ba, 'yan Zariya a je a sha ruwa

Malamin Kari: Ɗan Wusasa ɗangon ƙarshe na baitinka na biyu ya zarce, karin ya karye, kuma wannan "haba" cusa ta kawai ka yi don amsa-amo ya fita

Ɗan Wusasa: Malam ai kai kullum awon ɗango kake, tun bara ban ga baitinka ko ɗaya ba, kuma na Mama na farko fa bai yi ɗingishi ba ne ko ido ka rufe?

Mai Ganga: Na Mama lafiya lau, rera shi ka ji

Malamin Kari: Rerawa daban awo daban. Amma tunda baiti ake so

Kuna ta jayayya kan na gabas,
Ya tsaya bisa gida, ya gama aiki,
Yaron suka faɗi suka yi wa sujada,
Shi ne na asuba, shi ne Gamzaki.

Wahayi 22:16, a duba

Ɗan Wusasa: To na sara maka, ko da yake ɗango na uku ya fi nawa tsawo

Saratu: Ku yi haƙuri data ce ta ƙare min sai yau, mu Katolika ma bikin zuwan masanan sai farkon Janairu don haka ban makara ba

Kun bi masana sun sake hanya,
Mafarki ya hana su komawa,
Ni ina Baitalami da uwaye,
'Yan shekara biyu Hirudus na kashewa.

Malamin Kari: Saratu ɗangon ƙarshe...

Maman Talatu: Malam don Allah bar wannan haka. Saratu ci gaba 'yata, muna jin ki