Wai ni doki ne, kar in bar aiki a 2026: wa ya san mai duba bazi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 19 ina aikin gwamnati, yanzu ina so in ajiye in kama harkar kayan sola gadan-gadan, dama ina taɓawa a gefe. To ɗan Canan da nake sayen batir a wajensa ya tambayi shekarar haihuwata na ce 1978, sai ya dafe kai wai ni doki ne kuma 2026 shekarar doki ce, wai idan shekarar mutum ta zagayo ba a canza aiki ba a zuba kuɗi masu yawa. Ya ce in nemi mai duba min bazi kafin in yanke hukunci. Ni ban gane ba ko lissafi ne ko duba, amma wallahi abin ya tsaya min a rai. Akwai wanda ya san na kirki a birnin Guangzhou ko ta manhajar WeChat?

Na Maraɗi: Wa alaikumus salam. Alhaji duba ne, bugun ƙasa ne ya sa rigar Cana.

Ɗalibi Wuhan: Baba abin da yake nufi suna ce masa ben ming nian, duk shekara 12 yake zagayowa, 24, 36, 48. Dabbobi 12 ne: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan nasu, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Shi kuma bazi ma'anarsa harafi takwas, shekara da wata da rana da sa'ar haihuwa kowanne harafi biyu, sai su auna da itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa su ce wanne ya yi maka yawa wanne ya yi kaɗan. Wai kuma duk shekara 10 sa'ar mutum tana juyawa. Amma wane wata aka haife ka? Don shekarar doki ta 1978 sai 7 ga Fabrairu ta shiga, kafin nan maciji ne

Baban Khalifa: A fasfo 1 ga Janairu ne. Amma Hajiyarmu ta ce da damina ne ana noman fari

Autan Kwari: Hhhh rabin zauren nan 1 ga Janairu aka haife su, ranar ungozoma ba ta zauna ba kenan

Alhajin Sanyuanli: Ƙanina ka saurare ni da kyau, ni na je, ba labari aka ba ni ba. 2019 ina da shekara 44, na gaji da harkar takalmi, shekara 15 ina cikinta riba tana ta raguwa, yara sun shiga jami'a, kullum da dare ina juyi ina tunanin me zan koma. Mai min tafinta ya ce akwai wani tsoho da manyan masu masana'anta ke zuwa wajensa. Muka hau wani bene, ɗaki ƙarami, shayi, kalanda ja a bango. Ya tambayi ƙarfe nawa aka haife ni na ce ban sani ba, waye a garinmu yake duba agogo ranar haihuwa a lokacin, sai ya ce to mu ɗauka da safe ne. Tun a nan ya kamata in tashi, mutumin da duk lissafinsa a kan sa'ar haihuwa yake ya ce mu ɗauka. Amma zuciya idan ta riga ta so abu sai ta toshe kunne. Ya yi ta zane a takarda, ya ce ƙarfe ne arzikina, shekara 10 masu zuwa na ƙarfe ne, in bar fata da roba. Na biya yuwan 800 na fito ina murna kamar an min bushara. Sati bai cika ba tafintan nan ya kai ni wata masana'antar ƙofofin ƙarfe. Na kwashe jarin takalmi na loda kwantena biyu, ni da ban san kaurin ƙarfe ba, ban san girman da magina ke nema a gida ba, ban da kwastoma ko ɗaya a layin. Kaya suka sauka korona ta shigo, suka yi wata da watanni a sito ina biyan haya, ƙarshe na karyar da su. Daga baya wani ya tsegunta min tafintan yana da kaso a masana'antar. Kuɗi sun tafi, wannan na haƙura. Abin da har yau yake cina shi ne ranar da na faɗa wa malaminmu ya karanto min hadisin da ke cikin Muslim, wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Na sani fa tun ina yaro, na yi wa kaina fatawa wai wannan al'ada ce ta Cana. Kar ka je, dan girman Allah.

Na Maraɗi: Allah Ya mayar da alheri Alhaji

Maman Ilham: Amin. Wallahi har na ji hawaye.

Hajiya Yiwu: Ni shawarata ka san abin don ka san mutanen da kake ciniki da su, ba don ka bi ba. Ba sa son lamba 4 don furucinta ya yi kama da mutuwa, suna son 8, ai gasar Olamfik ta Beijing ma 8 ga watan 8 na 2008 suka buɗe ta. Shi mai batir ɗin ƙila tsakani da Allah ya faɗa maka, haka ya taso ya gani a gidansu. Ka ce masa na gode, addinina ya hana, suna ganewa.

Autan Kwari: A shekarar mutum jan gajeren wando suke sawa fa, wai kariya. Baba Khalifa in sako maka dozin a kayana?

Malam Ƙarami: Auta a daina wasa da irin wannan. Kuma Hajiya ni ko sanin ma ban ga amfaninsa ba, daga sani ake fara leƙawa

Hajiya Yiwu: Malam shekarata 11 ina zuwa ban leƙa ba. Sanin ranar da masana'anta ke rufewa shi ma leƙawa ne?

Malam Ƙarami: Ba haka na ce ba Hajiya, a yi haƙuri

Tsohon Akanta: Ku bar dokin nan ku dubi takarda. Aikin gwamnati shekara 35 ne ko mutum ya kai 60, kai kana da 19. Ka nemi hutun da ba albashi in ma'aikatarku tana bayarwa, ka gwada harkar sola shekara guda. Ka zauna ka rubuta ribar da ta shigo maka wata 12 da suka wuce, ka cire kuɗin jirgi da kwastan da canjin dala, ka ga ko za ta riƙe gida da kuɗin makaranta. Sannan ka yi istihara, ka yi shawara da uwargida don ita za ta fara jin zafin in albashi ya tsaya

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai iyayena da 'yan uwana. Alhajin Sanyuanli zan kira ka bayan isha'i in ba damuwa

Alhajin Sanyuanli: Kira ƙanina

Na Maraɗi: Wai Hajiya yaushe ne sabuwar shekarar tasu? Ina da atamfa ba a gama bugawa ba

Hajiya Yiwu: 17 ga Fabrairu 2026, kuma azumi a daidai nan zai kama. Ma'aikata tun kafin ranar suke watsewa garuruwansu, in kayan sallah ne ka matsa musu yanzu

Autan Kwari: Wa yake da sauran wuri a kwantenar da za ta tashi ƙarshen wata? Katan 14 ne kawai

Maman Ilham: Ni ma ina da 6, amma a gaya min kuɗin tun yanzu, wancan karon sai da kaya suka iso aka ƙara min