Wane suna za mu ba ginin Elmina da Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. A watan jiya na kai ziyara Elmina, a gabar tekun ƙasar Gana, kuma da na zauna zan rubuta wa ɗalibaina abin da na gani, sai alƙalami ya tsaya tun a layin farko, domin ban san sunan da zan kira ginin da shi ba. Turawa suna ce masa "castle", ƙananan irinsa da ke jere a gabar kuma suna ce musu "fort". Ina neman kalmarmu ta Hausa wadda za ta ɗauki wannan ma'ana.

Ga bayanin wurin, don kowa ya auna da kansa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 domin cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun kafa igwa a kan tudun da ke fuskantarsa, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Katangarsa ta dutse ce, mai kauri, an shafe ta da farar ƙasa, igwogi kuma har yau suna kwance a samanta. A saman bene akwai ɗakunan gwamna masu manyan tagogi, iskar teku tana shiga tana fita. A ƙasa kuwa kurkuku ne, inda ake tsare bayi kafin jirgin ruwa ya iso. Mai yi mana jagora ya shigar da mu wani ƙaramin ɗaki da aka zana ƙoƙon kan mutum a saman ƙofarsa, ya ja ƙyauren ya rufe na ɗan lokaci, sai duhu ya rufe mu, numfashi ya yi nauyi, babu wanda ya iya cewa uffan a cikinmu. Daga nan muka je ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda saboda ƙuncinta sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Ta cikinta nake hango kwale-kwalen masunta suna kai da komo.

Na riga na miƙa wa malamai da 'yan'uwa wannan tambaya. Na gode da amsoshin da suka shigo, kuma zan bi su gwargwadon fahimtata. Yawancin 'yan'uwa sun ce "fada". A gaskiya wannan ce kalmar da na fi ƙi. Fada wurin sarki ne da talakawansa, inda ake kai gaisuwa da ƙara, ƙofarta kuma a buɗe take ga mai kuka. Idan yaro ya karanta "Fadar Elmina" zai zaci wani gidan sarauta ne na mutanen ƙasar, alhali sarkin da tarihi ya fi tunawa da zamansa a ciki, wato Prempeh na Ɗaya na Asante, a matsayin ɗan kurkuku Turawan Ingila suka ajiye shi a 1896 kafin su kai shi gudun hijira.

Wani malami daga Sakkwato ya kawo "ribaɗi". Allah ya gafarta malam, ta fuskar aikin tsaro kalmar ta yi kusa ƙwarai, amma ribaɗi a wurinmu Wurno ce, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna yana tsaron iyaka har ya rasu a 1837. Kalma ce mai alfarmar addini, kuma ba na jin za mu yarda mu ɗora ta a kan gidan da aka yi coci a samansa, mata kuma suna ɗaure a ƙarƙashi. "Sansani" na ɗan lokaci ne, ana tashi a bar shi. "Bariki" ya dace da wani zamani kaɗai, lokacin da Turawan Ingila suka kawo sojojin Hausa daga Legas suka zaunar da su a Elmina.

"Ganuwa" ce ta daɗe tana ja mini hankali, har na fara rubutu da ita kafin na soke. Ganuwar Kano ta kewaye gari ne da gonakinsa da rijiyoyinsa, wanda ke cikinta yana barci da kwanciyar rai. A Elmina kuwa garin yana waje, kuma mafi yawan waɗanda suka kwana a cikin katangar nan burinsu shi ne fita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin cikin mutanen da aka kamo daga arewa akwai waɗanda suka bi ta kasuwar Salaga, kasuwar da fataken Hausa suka sani sarai saboda goro.

Wasu sun ce a kira shi "gidan bayi" a huta. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba, tunda zinariya ce ta fara kawo Turawa wurin, kuma muna bukatar kalmar da za ta yi aiki ko ga ginin da ba a taɓa tsare bawa a ciki ba.

Shawarar da ta kwanta mini ita ce ta wata baiwar Allah daga Katsina, wadda ta tuna mana da "kagara", wato shingen tsaro da ake yi don tare abokan gaba. Hajiya, Allah ya saka da alheri. An yi ƙorafi cewa kagara ta itace da ƙaya ce, wannan kuwa dutse ne, sai dai jirgi ma a kan ruwa kakanninmu suka san shi, yau ga jirgin ƙasa ga jirgin sama. Abin da na fi so game da kagara shi ne ba ta yabo kuma ba ta tsarkakewa, aikin ginin kawai take faɗa.

Saboda haka a takardar ɗalibaina zan rubuta "Kagarar Elmina", jam'i kuma "kagarori", kamar yadda muke cewa tasha da tashoshi. Inda ake maganar waɗanda aka yi cinikin mutane a cikinsu, irin su Elmina da Cape Coast, zan ce "kagarorin bayi", ɗakunan ƙasa kuma su ci gaba da amsa sunansu na kurkuku.