Dan Allah man tea tree yana maganin ƙaiƙayin gaba?

Maman Hanif:
Slm 'yan uwa, shawara nake nema. Sati biyu kenan ina fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, ba ya wari amma ƙaiƙayin wlh ko barci ba na iya yi, ya fara ne bayan na gama shan Amoxil na ciwon haƙori. Wata mai saida kayan mata ta ce in haɗa man tea tree da man kanumfari in ɗiga a auduga in yi matsi da dare. Akwai wadda ta taɓa gwadawa?

Ummu Safna:
Wslm. 'Yar uwa kar ki soma! Ni na yi da man kanumfari zallansa, ko minti biyar ban yi ba na ji kamar an watsa min barkono, wurin ya kumbura ya yi ja, kwana huɗu in zan yi fitsari sai na yi hawaye, ga kunyar faɗa wa likita abin da na saka.

Hajiya Babba:
Mu dai man habbatussauda muka sani 'yata, ki sha ƙaramin cokali da safe, ki daina wandon roba ki koma na auduga, ki dinga shanya shi a rana.

Anti Nas:
Hajiya maganar wando gaskiya ce. Maman Hanif abin da kika kwatanta ya yi kama da kandida, wani nau'in yis ne da dama yana zaune a jikin mace, antibayotik ɗin da kika sha ne ya kashe ƙwayoyin da ke danne shi sai ya samu sake. Man tea tree daga wata bishiyar Ostareliya ake tatso shi, a gwajin lab yana kashe kandida, amma fatar ciki ba kwanon gwaji ba ce, tana da laushi sosai, man yana ƙona ta, kuma guba ne in aka sha. Ga shi duk mai yana lalata kororon roba.

Maganinsa yana nan a kemis, clotrimazole na matsi, 500mg sau ɗaya ko 100mg dare shida, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya, amma mai ciki ba ta shan fluconazole. Ni dai na fi son ki je a ɗebi ruwan a gwada, don ba kowane sanyi ne kandida ba, mai ƙarni kamar kifi daban yake, Flagyl ake ba shi. In yana yawan dawowa a duba miki suga.

Maman Hanif:
Na gode Anti, Allah ya saka. Ashe gara da na tambaya, don al'adata ma ta yi jinkirin kwana tara. Gobe in sha Allah zan je asibiti a haɗa da gwajin ciki.