Layin waya ɗaya, modem ɗaya: ya kuka yi kira ya shigo kuma ya fita?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Akwai kwamfuta mai Linux da nake kula da ita, an jona mata modem na waje a kafar siriyal ttyS1, layin waya kuma guda ɗaya ne. Ina so idan intanet ya ɗauke in kira ta daga nesa in shiga, da dare kuma ita da kanta ta buga waje ta PPP (hanyar haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya) ta aika rahoto. Kowanne shi kaɗai lafiya lau yake aiki. Amma da zarar getty, shirin da ke jiran mai shigowa ya nemi sunansa, na zaune a kan layin, minicom, shirin da nake magana da modem da shi, yakan buɗe, sai dai rabin amsar modem ɗin ba ta isowa gare ni. Wanda ya taɓa haɗa biyun ya ba mu labari don Allah.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar ba ɓacewa take ba, getty ne ke cinye ta. Shiri biyu na karatu daga kafa ɗaya, kowanne ya wafci abin da ya riga kai wa. Ni tun zamanin da muke ɗaukar saƙo da UUCP na daina sa getty na gama-gari a layin modem, na koma mgetty na Gert Doering. Shi yakan shirya modem ɗin ya zauna yana jira ba tare da ya kulle kafar ba. Da ya ji motsi sai ya leƙa /var/lock. In ya ga fayil ɗin kulle LCK..ttyS1, ya san wani shiri ne ke fita, sai ya janye hannu har fayil ɗin ya ɓace, sannan ya mutu, init, uban shirye-shiryen tsarin, ya tashe shi sabo ya sake shirya modem. In babu kulle, shi zai kulle, ya ga RING, ya aika ATA, umarnin ɗaukar kira.

Layin da nake sawa a /etc/inittab shi ne S1:2345:respawn:/sbin/mgetty -D -s 115200 ttyS1. Wannan -D ɗin na nufin ban da fax.

Sharaɗin dai kowa ya kira kafar da suna ɗaya. Na taɓa gadon wata na'ura da aka saita minicom ɗinta a /dev/modem, mgetty kuma a ttyS1. Ɗaya na ajiye LCK..modem, ɗaya na neman LCK..ttyS1, kamar mutum biyu da suka sa wa ƙofa kwaɗo kowa a nasa gefen. Kuma in ka ga tsohon bayani na cewa ka fita ta /dev/cua1, ka wuce shi. Tun Linux 2.2, a 1999, aka ce a bar cua.

Uwar_Saba:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ya bar wanda ya fi wahalar da ni: S0, saitin da ke gaya wa modem a ringi na nawa zai ɗauka da kansa. Wanda ya riƙe wurin kafin ni ya adana ATS0=1 a cikin modem, wato ya ɗauka da kansa a ringin farko. To ga mgetty ma yana son ɗauka. Sai ka kira, ka ji an ɗauka, ƙugin nan ya fara, kit ya yanke. Na sa ATS0=0 na bi shi da AT&W don ya adana, aka zauna lafiya. Amfanin wannan ma, in kwamfutar ta mutu ko ta daskare, wayar za ta yi ta ringin ne kawai, ka san inda matsalar take. Ka duba bayan akwatin ko ƙasansa, wasu na da ƙananan makunnai a jere, ɗaya daga ciki na amsa kira ne, yakan danne abin da ka adana duk sanda aka kunna.

Mai_Rauta:
Hajiya, a wajenmu kuma akasin haka ne, kada wani ya kwashi S0=0 ya kai rauta (router, na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa). A Cisco modem ɗin ne ke ɗauka da kansa, dole S0=1. A kan layin AUX, kafar rautar da ake jona modem, nake sa modem inout, flowcontrol hardware, speed, da transport input telnet. Wannan inout ɗin shi ke ba da izinin shiga da fita duka. Fitar kuma ta reverse telnet ake yi: ka kira adireshin rautar a lamba 2000 haɗe da lambar layin. A 2501 AUX layi na 1 ne, 2001 ke nan, a 2600 kuwa layi na 65 ne, 2065. Kada ka yi cinta, show line zai nuna maka. In aka ƙi ka, yawanci wani zama ne ya maƙale, clear line ya wadatar.

Abin da ya taɓa tayar min da hankali shi ne ranar da na kira wata rauta na faɗa kai tsaye cikin zaman wanda ya kira kafina, ba tambayar suna ba kalmar sirri. Modem ɗin na kan &C0, yana nuna wa rautar cewa har yanzu akwai mutum a layi. AT&C1 ne ke sa siginar DCD, mai nuna akwai haɗi, ta faɗi idan an ajiye, &D2 kuma ke sa modem ya katse idan na'ura ta sauke DTR, siginar da ke cewa a shirye take. Wannan ya shafe ku 'yan Linux ma.

Tsohon_Injiniya:
Ƙwarai kuwa. Kuma duk wannan banza ne in kebul ɗin mai waya uku ne a ciki. Sai cikakke, mai ɗauke da DCD, DTR, RTS da CTS.

Dan_BSD:
Mu a FreeBSD har yanzu suna biyu muke da su, ttyu0 na shigowa, cuau0 na fita, kuma zuciyar tsarin, wato kernel, ce ke raba gardama. Ni dai na fi ganin tsaftar wannan a kan dogaro da cewa kowane shiri zai yi ladabi ya duba kulle. Ra'ayina ne.

Sabon_Hannu:
Allah Ya saka da alheri. Na sa mgetty, na gyara sunan a minicom, yanzu ina shiga ina fita. Saura biyu. Bugun dare har yanzu yakan faɗi, kuma in na kira daga nesa gudun bai wuce bit 33,600 a sakan ba, alhali modem ɗin duka biyu 56k aka rubuta.

Uwar_Saba:
Na biyun ba laifin saiti ba ne, ƙanena. V.90, tsarin da ke ba da 56k ɗin, na buƙatar gefe ɗaya ya kasance a jone da layin dijital, irin na kamfanonin intanet. Modem biyu na gida in sun haɗu V.34 suke komawa, 33,600 ne rufinsa, in layin na da hayaniya ma ba za ka kai ba.

Na farkon kuwa, buɗe fayil ɗin zaɓuɓɓukan pppd, shirin da ke buga PPP ɗin, ka ga ko akwai kalmar lock. In babu, pppd ba ya ajiye kulle, mgetty zai ɗauka kira ne ya shigo ya tsoma baki ana tsakiyar bugawa. In akwai kuma abin bai daina ba, sa -x 6 a layin mgetty don ya riƙa rubuta dalla-dalla abin da yake yi, ka bar shi ya kwana, da safe ka liƙo mana abin da ya rubuta daga daidai lokacin bugun.