Musayar Waƙa: Ina Kuɗin Sha-Ka-Tafi Suke Maƙalewa?

Ɗan Gunduma:
Assalamu alaikum. Daren Laraba muka kai ƙanwata haihuwa ƙaramin asibitin garinmu. Ta sauka lafiya, amma abin da idona ya gani ya hana ni barci. Na ɗora amsa-amo a kan "ya", mai amsawa ya bi sawu.

Da sunan Allahu nake farawa,
Mai saukar da cuta, Mai ba da lafiya.

Tsakar dare naƙuda ta kankama,
Muka shimfiɗa ta a amalanke, muka kama hanya.

Mun iske gini da fenti ɗanye,
Allon kwangila a ƙofa yana fariya.

Ciki dunɗum, janareto ya daɗe da mutuwa,
Fitilar wayata ce ta haska gadon jinya.

Mace guda ce a ciki, ita ce likita,
Ita ce mai shara, ita ke jawo ruwan rijiya.

Ta miƙo takarda: safar hannu, auduga,
Ruwan ƙari da allura, "Yi maza, je ka saya."

Ƙarfe biyun dare ina dukan ƙofar kemis,
Karnukan unguwa suna yi mini dariya.

Da gari ya waye na kai gero kasuwa,
Abincin damina ya tafi wajen biya.

Mun sami 'ya mace, alhamdu lillahi,
Amma kuɗin asibitin nan, wa zan tambaya?

Ungozoma:
Barka da arziki, ƙanena, Allah ya raya. Na gode da ba ka zagi 'yar uwata ba.

Dare ɗaya ka gani, ka kasa barci,
Ni shekara 19 ke nan ina yankan cibiya.

Mu ne a gaba, mu ake daka wa tsawa,
Mai sa hannu na ofis, ba ya jin hayaniya.

Jijjiga ta kama wata, allurarta babu,
Na riƙe hannunta ina kuka a zuciya.

Na sha sayen safar hannu da albashina,
Albashin da sai wata ya yi nisa yake biyo baya.

'Yan matan da na koya wa karɓar haihuwa,
Wasu suna Saudiyya, wasu Birtaniya.

Ban ga laifinsu ba, ai ko tsuntsu
Ba ya sheƙa a busasshiyar bishiya.

Ƙaramar hukuma ta ce jiha, jiha ta ce Abuja,
Kowa na ture mu kamar 'yar kishiya.

Akawu Mai Ritaya:
Ku yi haƙuri, tawa ba za ta yi muku daɗi ba. Shekara 35 na yi ina ɗaukar fayil, na san an taɓuka wani abu.

Wanda ya ce gwamnati ba ta tsinana komai,
Ya faɗi rabi, ya danne rabin gaskiya.

A 2014 aka sa hannu kan dokar lafiya,
Ta kafa asusu don talakan Najeriya.

Kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya,
Don ƙananan asibitoci, kafin a zo kan manya.

A 2022 aka sake dokar inshora,
Shiga ta zama dole, da mai hali da mai tsiya.

Ƙarshen 2024 ministan lafiya Pate ya yi shela:
Tiyatar haihuwa kyauta ga wadda ta kasa biya.

Shan inna fa? Tun watan Agustan 2020
Afirka ta karɓi shaidar kawar da ainihin ƙwayar, a idon duniya.

Wa ya bi gida-gida da ɗigon rigakafi?
Ba aljanu ba ne, ku yi ko 'yar godiya.

Malam Mai Alli:
Ranka ya daɗe, Akawu, takarda ka karanto mana. Bari ni ma in karanto maka wata, a ƙwar huɗu.

A Abuja aka ɗau alkawari,
2001, shugabannin Afirka a jeri,
Kashi 15 na kasafi, ko ma da ƙari,
Za a riƙa ba fannin lafiya.

Mu masu masauki muka fara saɓawa,
Ko rabin wannan ba ma kaiwa,
Shekara ta bi shekara ana maimaitawa,
Alkawari ya koma tatsuniya.

Dokar 2014 da kake faɗi,
Shekara huɗu tana kwance ba kuɗi,
Sai 2018 ta ga kasafi, bayan gargaɗi,
Mata nawa aka binne kafin ta fara tafiya?

Cikin naira 100 da ake kashewa a magani,
Fiye da 70 aljihunmu ne, kowa ya sani,
Geron Ɗan Gunduma ke nan da ka gani,
Inshora na takarda, shi yana biya.

A 2017 Buhari, Allah ya jiƙansa,
Ya fi kwana 100 a Landan neman lafiyarsa,
Asibitin fada kuwa, in ji uwargidansa,
Ko sirinji babu guda ɗaya.

Da kura na maganin zawo, ai da ta yi wa kanta.

Ɗan Maraɗi:
Sallama daga wannan gefen iyaka. Ku gafarce ni, "ya" ta ƙi hawa mini, na ɗora tawa a kan "ba".

Mu ma nan munka yi murna a 2006,
Shugaban Nijar Tandja ya ce yaro ƙasa da shekara 5 ba shi biya ba.

Mai haihuwa ta tiyata ita ma kyauta,
Munka yi guɗa, ba mu san abin da ke tafe ba.

Likita ta ba da magani bashi, ta aika lissafi Yamai,
Yamai ta amshi takarda, ba ta biya kan kari ba.

Bashi ya taru, kanta ta bushe,
Ganin likita kyauta, magani ba mu gan shi ba.

Duk da haka matan Katsina na ƙetarowa Madarunfa,
Goye da yara masu tamowa, nisa bai hana su ba.

Mai rijiyar mai na aron gado gidan talaka,
Wannan lissafi, 'yan uwa, ban gane shi ba.

Malam Mai Alli:
Ɗan Maraɗi ya karya amsa-amo, tararsa goro goma. Amma saboda baitin ƙarshe na yafe biyar.

Baba Na Fagge:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Kuna ta maganar kuɗi, ni yarda na ga ta zube a gabana.

1996 sanƙarau ya shigo Kano da zafi,
Muna saɓa yara a kafaɗa, ba dare ba safiya.

Kamfanin Pfizer ya zo da sabon magani na gwaji,
Yara 200 a lissafi, 11 suka bar duniya.

Kwamitin gwamnati ya bincika, ya rubuta,
Rahoton ya shekara biyar kulle a ajiya.

Sai 2009 aka yi sulhu da jiha,
Dala miliyan 75, bayan doguwar jayayya.

Da aka ƙi ɗigon shan inna a 2003,
Aka ce jahilci ne, ni na ce tabo ne na jiya.

Wa ya biya? Yaran da ke jan ƙafa a titi,
Ba su ci ba, ba su sha ba, su aka bar wa ɗawainiya.

Jikokina kaf an yi musu rigakafi, kada wani ya juya mini magana.

'Yar Anka:
Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya Ɗan Gunduma, ka ce wa za ka tambaya. Ji abin da ya faru a ƙasarmu.

2010 gubar dalma ta faɗa Zamfara,
Daga dutsen zinare da ake niƙa a farfajiya.

Yara fiye da 400 muka binne,
Dareta da 'Yargalma sun sha wuya.

Aka kankare ƙasar ƙauyuka bakwai,
Bagega ce babba, ita aka bari a baya.

Likitocin agaji suka ce sai an kwashe gubar,
In ba haka ba magani ɗiban ruwa ne da rariya.

Abuja ta yi alkawarin kuɗi, ta yi gum,
Damina ta zo ta wuce, ba saƙo, ba waya.

Sai wasu matasa suka ɗau sunan Bagega,
Rediyo, Twitter, majalisa, ko'ina suka kewaya.

Ba zagi suka riƙe ba, lissafi suka riƙe:
Nawa ne, yaushe, a hannun wa suka tsaya?

Farkon 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe ƙasar,
Sannan yaran da suka rage suka ga jinya.

Ni dai a nawa gani, ba tausayi ne ya sake su ba,
Abin da ya buɗe akwatin, Yaya, kunya.

Akawu Mai Ritaya:
Malam, na sha kaye, ban musa ba. 'Yata ta Anka kuwa ta fi mu duka. To Ɗan Gunduma, matso in nuna maka ƙofa, tunda na san gidan.

Asusun nan ba a Abuja yake ƙarewa ba,
A tsarinsa kowace gunduma na da asibiti ɗaya.

Yana da asusun banki na ƙashin kansa,
Duk wata uku ya kamata kuɗi su biyo hanya.

Hannu biyu ke fitar da su: mai kula da asibitin,
Da shugaban kwamitin gunduma, ɗan gari, ba baƙo daga Indiya.

Fara da shi: naku na ciki ko ba ya ciki?
In yana ciki, a baje littafin kashe dukiya.

In sun yi shiru, akwai dokar neman bayani ta 2011,
Ka rubuta, kwana 7 ta ba su su amsa tambaya.

Ka riƙe kwafi mai hatimi, kar ka yarda da "za a duba",
Ni ma da ita na sha sallamar mutane a baya.

Ɗan Gunduma:
Baba Akawu, Allah ya saka da alheri. Na bincika bayan la'asar, asibitinmu na cikin tsarin. Sai dai fa da sauran rina a kaba.

Na tambayi wane ne shugaban kwamiti,
Aka ce Kawu, ƙanin mahaifiya.

Shi ya karɓa mini aure,
Shi ne kuma zai raɗa sunan jaririya.

Ta yaya zan ce, "Kawu, ina lissafi?"
Harshe ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi tafiya.

Amma takardar kemis tana aljihuna,
Ranar suna zan ajiye ta kan goro a ƙwarya.

Na kira mazan unguwa tara, kowa da tasa,
In zai yi fushi, ya yi da mu gaba ɗaya.

Ungozoma:
Maza tara? Ƙanena, cikinsu wa ya taɓa kwana kan gadon nan?

Ranar suna gida cike yake da mata,
A shigo da Kawu tsakar gida, mai jego ta yi tambaya.

In ya buɗe littafi ku fara da haske,
Sola guda, kar wani ya sake riƙe mana waya.

Sannan allurar jijjiga, da allurar tsai da jini,
Da safar hannu kwali biyu, matsakaiciya.