Ƙaurin roba a mota: wa ya taɓa gamuwa da shi?

Mai Corolla, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce da ni, ƙirar 2005, otomatik. Yau kwana huɗu, da na ɗan yi tafiya sai ƙaurin roba ya cika motar, kamar a kwata inda ake babbaka da taya. Allurar zafi tana inda take, hayaƙi kuma ban gani ba. Wani yaron gareji ya ce in sayo sabon bel, alhali ko bonet bai ɗaga ba. Wanda abin ya taɓa samu ya taimaka.

Direban Sharon: Wa alaikumus salam. Alhaji, kana yi mata lodi ne? Ni tawa taya ce. Na ɗauko masara daga Saminaka, bayan motar ya zauna, duk ramin da na faɗa sai taya ta gogi jikin mota. Da na sauka na duba, gefen tayar har ya yi zane. Ashe shokazoba ce ta mutu.

Mai Corolla: Babu lodi, direba. Gida, ofis, makarantar yara.

Wata malamar makaranta, Kaduna: Kafin ka kashe ko sisi, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Bara da damina na bi ta cikin ruwan da ya malalo daga kwalbati, washegari ƙauri ya dame ni. Bakaniken farko cewa ya yi gaskit ne, har ya rubuta min lissafi. Maigidana ya kai ta wajen wani dattijo, ya shiga ƙarƙashi ya fito yana dariya: baƙar leda ce ta manne wa salansa ta narke. Da wuƙa ya kankare ta bayan ta huce, ya ƙi karɓar komai. Sai da aka ƙara kwana biyu ƙaurin ya gushe.

Tsohon direban hanyar Jos: Mu da muka sha Hawan Kibo mun san ƙauri iri biyu, na kuloci wajen hawa, na birki wajen gangara. Taka tunda otomatik ce, bar zancen kuloci. Ka yi tafiyar minti 15, ka tsaya, ka kai hannu kusa da kowane wili, ban ce ka taɓa ba. In ɗaya ya fi sauran turiri, birkin wannan ƙafar ne ya riƙe. A ɗaga da jak a juya tayar, za ka ji tana ƙi. Kuma don Allah kar ka watsa masa ruwa da zafinsa. Na yi haka sau ɗaya da ƙuruciya, faifan birkin ya lanƙwashe, sitiyari ya riƙa kakkarwa duk sanda na taka.

Bakanike, Zariya: Yallaɓai, ba ka faɗa mana yaushe ƙaurin ke tasowa ba, ni kuwa tambayar da nake fara yi ke nan. Da AC a kunne ne? Akwai ƙara kamar kukan ɓera da safe? Injin irin taka bel ɗaya ne ke juya altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari da kwamfuresar AC. In boris ɗin fule ɗaya (fule shi ne faifan ƙarfen da bel ke zagayawa a kai) ya cije, bel ɗin zai riƙa zamewa a kansa yana ƙonewa. Yaron da ya ce bel bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. An taɓa kawo min wata da aka canja wa bel sau biyu cikin wata guda, babu wanda ya damu ya juya fule da hannu. A kashe mota, ta huce, a cire bel, a juya kowanne. Lafiyayye shiru yake, matacce yana gurnani ko ya ƙi juyawa. Ka duba ko akwai baƙin gari a wajen, ko bel ya yi sheƙi. Sai kuma gefen murfin inji, baƙin mai kan tsatso ya ɗiga kan bututun hayaƙi, amma shi yakan zo da ɗan hayaƙi. Kar ka yi doguwar tafiya da ita: bel ɗin nan in ya tsinke, famfon ruwa ya tsaya, inji ya ɗau zafi.

Mai Golf 3: A ƙara da waya. Nawa wani ne ya cire fis ya naɗa sili na tagulla, wayar fitila ta narke a bayan dashbod. Ƙaurinta ya fi kaifi, yana shiga maƙogwaro. In shi ne, cire kan batir ka kira rewaya.

Mai Corolla: Allah ya saka da alheri. Oga na Zariya, kamar kana wurin. Jiya na kashe AC, ƙaurin ya ragu amma bai tafi ba. Yau aka cire bel a gabana, fulen kwamfuresa na gurnani, ƙasansa duk baƙin gari. Mun samo boris a Ƙofar Ruwa, bel ɗin ma dole aka canja don ya riga ya ƙone. Malama, na durƙusa ɗin, babu leda, wandona dai ya sha ƙura.